Kwaɗon da Na Rataya wa Motar Baba

Ban ɓatar da marfin tankin motar Baba ba. Na faɗa a kasuwar Urafan, na faɗa a zauren gidanmu a Tasawa, ga shi yanzu ina rubutawa, don har yau akwai masu gaishe ni da "ina bushon?" suna dariya. Motar ba ta taɓa yin marfi ba. Haka aka ƙero ta.

Baba ɗan kasuwar wake ne. Da kaka ta yi sai ya shiga bin kasuwannin ƙauye, Urafan, Isawan, Atantane, yana sayen wake tiya-tiya a hannun manoma, a ɗura a buhu, manyan motoci su zo su kwashe. Da kansa yake tuƙa tsohuwar motarsa har idonsa ya fara yana, ya zama ba ya ganin rami sai ya faɗa ciki. Ana cikin haka yayana, mai harkar motoci a Kwatano, ya aiko masa da wata baƙar mota kat-kat ta hannu wadda ta fito daga Kanada. Mota ta iso, mai tuƙi babu.

Ni ce mai bi wa yayana. Na kai ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, na zauna jarrabawar bak sau biyu, na faɗi sau biyu, na ce ya isa haka. Permi kuwa, takardar tuƙi, zama ɗaya na yi na samu, da kuɗin ɗinkina na biya. Amma akwai Baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Agadas har bayansa ya ƙi. A unguwarmu idan mota ta yi tari shi ake kira. Tun motar tana hanya ya riga ya ɗinka wa makullinta aljihu a ransa.

Sunan kakata aka sa mini, uwarsu su biyun, don haka babu mai kama sunana a cikinsu. Baba "Uwata" yake ce mini. Baffa "mai sunan tsohuwa", idan ransa ya ɓaci kuma "ke".

A zaure Baba ya yanke magana, gaban Baffa da maƙwabta biyu.

"Uwata za ta tuƙa ni. Tana da ido, ta san wake mai ƙwari, ta san tiyar da ba ta cika ba. Amma ku shaida: ranar da motar ga ta tsaya da ni cikin daji, ta aje makulli, ƙanena shi ɗauka."

Baffa ya ce, "Allah shi kai mu." Bai ce Allah shi kiyaye ba. Na ji, na riƙe.

Makon farko a istasiyo na sha mai a cikin gari. Ban ko fito ba. Mai pompi ya soka bakin pompinsa, ya cika, na biya ta taga, na wuce. Sai ranar kasuwar Urafan, da yamma za mu komo, na ga allurar mai ta yi ƙasa. Na tsaya wurin wani mai ruwa-ruwa, irin masu jera kwalaben esans, wato fetur, a kan tebur bakin hanya. Ya taɓa ƴar ƙofar tanki da yatsa ta buɗe, ya leƙa, ya dube ni.

"Ƴammata, ina bushon?"

"Wane bushon?"

"Marhin tanki mana. Ko kin ruhe tukunya da shi?"

Na fito na duba. Babu marfi, babu ma zaren da ake murɗa marfi a kai. Rami ne kawai, a cikinsa wani ɗan leɓe na ƙarfe a rufe. Na ce masa ya zuba mai ya bar surutu. Ya ɗora mazurarinsa na yankakkiyar gora, ya kifa kwalba. Ko ɗigo bai shiga ba. Mai ya dawo waje, ya bi jikin mota, ya zuba a kan takalminsa. Kafin ya ɗaga kwalbar lita guda ta tafi cikin rairayi, mutane kuma sun taru.

Daga cikin mota Baba ya ce, "Uwata, mi nika ji kamar warin esans?"

Da sauran da ke cikin tanki muka lallaɓo gida, ina tuƙi ina kallon allura kamar mai jinya. Labari ya riga mu isowa a bayan wani ɗan kabu-kabu. Ɗiyar Alhaji ta ɓatar da marfin tanki, mota ta yi fushi ta ƙi shan mai.

Da safe na tarar da Baffa a tsaye gefen mota, da tsumma, da baƙar leda, da turnabis na kwance noti. Duk wanda ya girma a nan ya san maganin ɓataccen marfi: a dunƙule tsumma cikin leda a cusa. Turnabis ɗin kuma na leɓen ciki ne, wai ya maƙale, zai ɓamɓare shi.

Na shiga tsakaninsa da motar, na jingina bayana da ƙofar tankin.

"Ke, gusa."

"Baffa, ina kwana. Ba zan gusa ba."

"Kin ɓatar da abu, na zo in ruhe miki asiri, kina tare ni?"

"Ban ɓatar da komai ba."

"To aljani ya kwance shi? Tun ba a haihe ki ba nika buɗe tanki. Mota ba marhi, kamar mutum ba wuya!"

"A ba ni zuwa azahar."

Ya yi dariya, ya ce ya ba ni har la'asar, ya tafi wurin mai shayi ya ba da labari.

A ɗan akwatin gaba akwai littafin motar, rabi Ingilishi rabi Faransanci. Ranar na gode wa lekkol, makarantar boko, ko da ba ta ba ni bak ba. Na zauna a kan dakali na bi shafi-shafi har na kai wurin. An rubuta ƙarara: motar ba ta da marfi. Leɓen nan shi ke rufe kansa, ba ya buɗewa sai abin da ya kai kaurin bakin pompi ya tura shi. Wanda zai zuba mai daga bido, wato jarka, ya yi amfani da ɗan mazurarin da ke ajiye kusa da tayar ko-ta-kwana. Har da hotonsa.

Na ɗaga shimfiɗar bayan mota. Ga gurbinsa nan, daidai siffarsa, babu kowa a ciki. Na tsaya ina tuna wanda ya kwashe kayan bayan motar ranar da ta iso. Sai na nufi madafa.

Inna tana zaune tana ɗura man gyaɗa a kwalabe, sana'arta ke nan. A bakin kwalbar da ke hannunta akwai wani farin mazurari na roba mai dogon wuya.

"Inna, ina kika samu wannan?"

"Tsarabar yayanki ce. Yaron kirki, ya tuna ina ta fama da na gwangwani mai yoyo."

"Na mota ne."

"Mota tana soya ƙosai ne?"

"Inna, saboda abin nan jiya aka yi mini dariya a Urafan. Saboda shi Baffa zai fasa wa motar baki."

Ta juya shi a hannu, ta dube shi da kyau. "Wanga ɗan abin? To ni da mi zan ƙarasa?"

Sai da na je kasuwa na sayo mata sabon mazurari kafin ta saki. Na wanke shi da ruwan zafi da sabulu har sau uku, na shanya. Bayan azahar na aika aka kira Baffa, na sayo lita biyu. A gabansa na soka mazurarin, leɓen ya yi ƙas ya buɗe, na kifa kwalba, mai ya wuce sumul. Na zare, ya koma ya rufe. Na miƙa masa littafin a buɗe, ina sane ba ya karanta Faransanci.

Bai karɓa ba. Ya daɗe yana kallon ramin. Sai ya ce in kulle motar. Na danna makulli, ƙofofi duka suka kulle. Ya sa ɗan yatsa ɗaya ya taɓa ƙofar tankin, ta buɗe.

"To, na ji, mai sunan tsohuwa. Ba ki ɓatar ba. Amma wanga mi ke tsaron ta?"

Na ce leɓen ciki yana tsaron ta. Ya ce uhm, ya kwashi tsummansa ya tafi. Na ci nasara, amma tambayarsa ta biyo ni har ɗaki.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, kada wani ya riga ni. Daɗin nasarar nan ya hau mini kai. Ranar kasuwar Urafan ta zagayo na koma wurin mai ruwa-ruwan nan da gangan, na jira mutane suka taru, na fito da mazurari daga jakata kamar mai dabo. Na nuna, na sake nunawa. Na yi haka a Isawan, na yi a Atantane. Har bayani nake yi: ba tsafi ba ne, duk abin da ya kai wannan kaurin zai tura shi ya buɗe. Da bakina na faɗa, a tsakiyar kasuwa, gaban wanda na sani da wanda ban sani ba. Ina so kowa ya san ban ɓatar da marfi ba. Kowa ya sani. Sun kuma san sauran.

Ba a daɗe ba na fara ganin shatin yatsu a jikin ƙofar. Wata rana a Isawan na dawo daga wurin awo na tarar da ita a buɗe, an soka karan gero a ramin an bar shi. Na koma littafi. Masu ƙera motar sun yi tunanin mai zuba gazuwal, man manyan motoci, a wurin esans, sun yi tunanin mai mantuwa da marfi a istasiyo. Ba su yi tunanin motar da za ta wuni ita kaɗai a bakin kasuwa ba, mai ita yana can yana awon wake, lita guda kuma tana sayen tuwon gida.

Na ce da Baba a sa kwaɗo.

Baffa yana wurin, ya yi tsalle kamar an taka shi. Motar miliyoyi za a huda a rataya mata kwaɗo kamar akurkin kaji? Idan an tashi sayarwa wa zai saya? Wannan bai dame ni ba. Maganar Baba ce ta tsaya mini.

A kowace kasuwa Baba yana da mai masauki. A ƙofar gidansa ake ajiye mota, shi ke ba mu ruwa da fura, shi ke haɗa Baba da manoma. Abin da ka ajiye a ƙofar mai masaukinka yana cikin amanarsa, ba ka waiwaya. Na Atantane kuwa ya wuce mai masauki, aminin Baba ne tun suna bin kasuwa a kan jaki. A ƙwarya ɗaya suke shan fura, ludayi ɗaya suke miƙa wa juna.

Baba ya ce, "Uwata, kwaɗo magana shika yi. In na rataya shi a ƙohwar mutumin ga, na ce mishi gidanshi akwai ɓarawo."

"Ai ƙofofin motar ma kullewa muke yi."

"Wannan ba a gani. Kwaɗo ana gani."

"To idan akwai ɓarawon fa?"

"Na hana." Ya juya ya ɗauki carbinsa.

Ban yarda ba. Na ce a raina zan riƙa leƙowa. Amma wanda ke tsugune yana zuba hannu cikin buhu yana neman ƙwari, yana faɗa da mai awo ya cika tiya ta yi tozo, ba ya leƙa komai. Idon Baba ni ce. Ba zan zama idonsa in zama marfin tanki a lokaci guda ba.

Ranar da abin ya faru, kasuwar Atantane ce, ta cika ta batse. Mun gama bayan azahar, muka sha fura, muka yi sallama da aminin Baba. Ƙofar tanki tana rufe. Na ji warin esans kaɗan, na ce na masu ruwa-ruwa ne. Ban buɗe na duba ba, na gaji, ina so in isa gida. Muka kama hanyar Mayahi.

Ba mu yi nisa sosai ba motar ta fara shaƙewa. Na taka, ta yi kamar za ta ɗauka, ta saki. Ta yi haka sau uku, ta mutu a tsakiyar rairayi, gonaki hagu da dama an girbe, ba gida ba rijiya. Na murɗa makulli har na ji tausayin batir.

Na fita na buɗe ƙofar tankin. Leɓen ya lanƙwashe ciki, ga shatin ƙarfe a jikinsa. Wani guntun tiyo, bututun roba, yana maƙale a ramin, an yanke shi da wuƙa. Da alama wani ne ya soka tiyonsa zai zuƙi mai, leɓen ya cije tiyon ya ƙi saki, ya ja ya kasa, ya sa ƙarfe ya ɓamɓara. Bakin ramin kuma duk rairayi ne, har ciki. Ko shi ya zuba don haushi, ko wani ya tarar da rami a buɗe ya yi wasa, ban sani ba, har yau ban sani ba. Ya dai rufe ƙofar da kyau kafin ya tafi. Mutum mai ladabi.

Na riƙe hannun Baba na kai shi inuwar wani gawo, na shimfiɗa masa gyalena. Ya zauna, ya tambayi gabas, ya yi taimama. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wani mai amalanke da ke komowa daga kasuwa ne ya tsaya. Ya kwance bijimansa biyu, muka ɗaura igiya. Haka muka shiga Mayahi da la'asar sakaliya: shanu a gaba, motar Kanada a baya, ni ina kokawa da sitiyari da ya yi tauri kamar turmi, Baba a gefena yana kallon gaba da idon da ba ya gani. Wata mata a bakin pompin ruwa ta ɗaga murya ta ce, "Madam, ki ba su wuta mana!" Na ji kamar in fita in shaƙe ta. Na dai riƙe sitiyari.

Washegari makaniki ya sauke tankin. Rairayin da ya fito ya cika tafin hannuna biyu, pompin mai kuma ya lalace. An samo pompi daga Maraɗi. Bakin tankin ne aka rasa, ko can babu irinsa. Makanikin ya bubbuga leɓen ya miƙe, amma ya daina cizo. Yanzu ko yatsa ka sa yana buɗewa.

Muna isa Tasawa Baba ya sa aka kira Baffa da maƙwabtan nan biyu. Ni ina durƙushe a bakin ƙofar zaure.

"Na yi magana gabanku," in ji Baba. "Mota ta tsaya da ni cikin daji. Uwata, ba baffanki makulli."

Na san abin da ake so in yi: in sunkuyar da kai in ce to. Ban iya ba.

"Baba, tuƙina ne ya tsayar da ita?"

"Ban ce ba."

"Na ce a sa kwaɗo. Baffa ya ce za a ɓata mota, kai ka ce za a ɓata zumunci. An bar mota da kyanta, an bar zumunci da kyansa, ni aka ɓata."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce subhanallahi. Baffa ya ce, "Ke! Ubanki kike ma wanga baki? Wa ya bi kasuwa-kasuwa shina koya ma ɓarayi yadda ake buɗe ta?"

"Ni ce. Na amsa nawa. Kowa ya amsa nasa."

Baffa ya miƙo hannu. Na wuce hannun, na ajiye makullin a kan tabarmar Baba, na tashi na shige gida. Inna ta ji komai daga bayan katanga. Ta ce bakina zai kai ni inda ƙafata ba ta je ba. Sai ta zuba mini tuwo ta ƙara mini nama.

Baffa ya tuƙa motar mako uku. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya tuƙi, ya fi ni sanin rairayi. Ya cusa tsummansa da ledarsa yadda ya so tun farko. Amma shi ya fi kowa sanin tsumma ba ya hana hannu. Shi ma kuma yanzu yana da abin da zai rasa. Saboda haka a kowace kasuwa ba ya barin gefen motar. A nan yake zama, ya jingina da taya, rana ta juya inuwa ta gudu ya zauna a haka. Idan mai masauki ya ce ya shigo, sai ya ce bayansa ne ba ya son tabarma. Sallah ma a gefen taya yake yi shi kaɗai. Yakan dawo gida fuska ta yi baƙi, leɓe ya tsage.

Inna ta leƙa ta gan shi wata yamma ta ce a hankali, "Ashe motar ta samu marhi."

Baba kuwa an bar shi wurin awo ba ido. Na buɗe buhu biyu da suka kawo daga Isawan na zuba hannu, ƙwari suka hau mini har gwiwar hannu. Na ɗebo na kai masa, na zuba a tafinsa. Ya murza, ya ji ramukan, ya zubar.

Ban sake neman izini ba. Wanda ya hana ka sau ɗaya gaban mutane ba zai iya ba ka na biyu ba ko yana so. Wata safiya Baba da Baffa suka tafi bikin suna a wata unguwa da ƙafa. Na je bayan kasuwa wurin wani tsohon maƙeri mai yin ƙofofin shago, na gaya masa abin da nake so. Ya ce wuta ba ta zuwa kusa da tanki, na ce na sani, ya zo da abin huda na hannu. Ya zo ya dubi motar, ya shafa fentin.

"Ɗiyata, Alhaji ya sani?"

"Zai sani."

"In huda wanga? Ban iyawa."

"Kawo in huda da kaina."

Ya yi tsaki, ya ce ƴaƴan yanzu, ya durƙusa. Ya kafa maratayi ɗaya a ƙofar, ɗaya a jikin mota, ya daddage su. Na sayi kwaɗo ruwan ɗorawa, babba, irin na shagon hatsi. Akwai ƙanana a wurin mai sayarwa, na gan su. Babban na ɗauka.

Washegari kasuwar Atantane ce. Baffa ya riga kowa fitowa, ihunsa ya fito da mu.

"Yaya! Taho ka gani! Taho ka ga abin da ɗiyarka ta yi!"

"Ba ni gani, kai ma ka sani," in ji Baba. "Kai ni."

Ni na kai shi. Na ɗora hannunsa a kan kwaɗon. Ya shafa shi, ya shafa maratayin, ya ja ya ji ƙarfinsa, ya ɗaga ya ji nauyinsa.

"Wa ya sa?"

"Ni."

"Na hana."

"Ka hana."

"Ina makullinshi?"

"Yana wuyana. Ba zan ba kowa ba."

Baffa ya ce a kawo guduma. Baba bai saki kwaɗon ba. Ya juya wajen muryar ƙanensa ya ce, "In an fasa shi, kana iya wani wunin a rana?"

Na ga idon Baffa ya sauka a kan tayar da yake jingina da ita. Sai ya laluba aljihu, ya fito da makullin mota, ya jefa a kan bonen gaban motar.

"Ni ban tuƙa rumbu. Duniya ta san ni. Mai sunan tsohuwa ta tuƙa abinta, ita da kwaɗonta."

Ya tafi yana faɗa, amma tafiyar ba ta mai baƙin ciki ba ce. Na ɗauki makullin. Baba ya ce da iska, ba da ni ba, "Ni dai na cika maganata." Ya laluba ƙofa ya shiga gaba ya zauna.

Da muka kusa Atantane ya ce, "Uwata, in mun isa ki juya gehen nan wajen bango."

Na ji shi sarai. Na yi tunanin bijimai biyu da matar bakin pompi. A ƙofar nan aka yi mini abin nan, da rana tsaka, kuma babu wanda ya ga komai. Na tsayar da motar, kwaɗon yana kallon zauren.

Aminin Baba ya fito da fara'a, suka gaisa hannu bibbiyu, suka tambayi gida da gajiya. Sai idonsa ya faɗa a kan kwaɗon.

"Alhaji, an yi ma mota ado."

"Aikin yara ne," in ji Baba.

"Haka ne. Yaran yanzu sun fi mu hankali."

Bayan azahar aka kawo fura kamar kullum. Amma ƙwarya biyu aka kawo, kowa da ludayinsa.

A hanyar komowa, da muka wuce gawon nan da ya yi taimama a ƙarƙashinsa, Baba ya yi magana. Ban san yadda ya gane wurin ba.

"Na ce ki juya ta."

"Ka ce."

"Shekara nawa nika cin abinci da mutumin ga."

"Ban ce shi ne ba, Baba."

"Kwaɗo ya ce."

Ban ba shi haƙuri ba. Na so, na fasa, don idan na ba shi haƙuri abu na gaba shi ne in cire. Na san abin da na jawo masa. Har yanzu suna gaisawa, har yanzu mutumin yana haɗa shi da manoma, amma ƙwaryar ba ta sake komawa ɗaya ba, kuma wani lokaci idan na ga Baba yana juya ludayi shi kaɗai sai in tashi in tafi duba buhu.

Yayana ya buga waya ya ce akwai wani toshi mai makulli da ake sayarwa don irin motocin nan, ƙarami, ba ya fitowa waje, zai nemo. Na ce ya nemo. Kaka biyu ke nan yana nema.

Motar ba ta sake tsayawa da mu ba. Fentin gefen maratayin ya fara tsatsa, kwaɗon yana bugun jikinta a hanyar Isawan, ƙwal, ƙwal, ƙwal, Baba yana cewa in ɗaure shi da tsumma, ina cewa to. Mazurarin yana cikin jakata, a leda, kusa da permi. Idan na tsaya wurin mai ruwa-ruwan Urafan har yau sai ya ce, "Ƴammata, ina bushon?" Sai in zaro igiyar wuyana in buɗe kwaɗo, in ce ya zuba lita biyar, kada ya ɗiga mini ko ɗaya a ƙasa.